Magena na da ciwon suga, zan iya gwada mata jini a gida?

Tambaya: Likita barka da aiki. Magena ce, shekararta 9, wata biyu kenan aka ce tana da ciwon suga, ina mata allurar insulin safe da dare. Duk sanda na kai ta asibiti sai a ce sugan ya haura 400 a ƙara mata yunit, yanzu har an kai yunit 4, amma shekaranjiya da rana na ga tana tangaɗi kamar mai maye, daga baya ta ware. Akwai na'urar gwajin suga ta babanmu a gida, zan iya gwada mata da ita? Kuma ta ina ake samun jinin?

Amsa: Yauwa ƴar'uwa, barka kadai, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Eh za ki iya gwada mata a gida, kai ni da zan samu yanda nake so ma duk mai mage ko kare da ke kan insulin sai ya koyi gwajin nan tun satin farko. Amma bari in fara da tangaɗin nan da kika faɗa kamar ba komai ba, don shi ya fi tsaya min a rai. Magen da ake wa insulin in ta kama tangaɗi da tsakar rana, awa biyar ko shida bayan allurar safe, mu dai muna ɗaukarsa a kan suga ne ya faɗi ƙasa har sai an tabbatar wani abu ne daban. Dan Allah kar ki sake yi mata allurar yunit 4 ɗin nan sai kin kira likitan da ke duba ta kin gaya masa abun da kika gani, yau ba gobe ba. Suga in ya yi yawa yawanci a hankali yake ɓarna, shi kuwa wanda ya faɗi ƙasa a yini ɗaya zai iya tafiya da ita.

To me ya sa a asibiti ake ganin 400 alhali a gida tana faɗuwa? Mage dabba ce mai tsananin firgici. Kin saka ta a kwando, an jijjiga ta a mota, an shiga ɗaki mai warin magani ga kare yana haushi a gefe, mutum biyu sun danne ta ana neman jijiya, duk wannan yana sa jikinta ya saki sinadaran tsoro, hanta ta zubo suga cikin jini kamar an kunce famfo. Lafiyayyar mage ma da ba ta da ciwon komai sai a gwada ta a irin wannan hali a ga 250 ko 300, ina ga wadda dama sugan nata a sama yake. Kinga kenan lambar da ake gani a teburin likita rabi ciwo ce rabi tsoro, in kuwa da ita kaɗai ake ƙara allura to ana yi wa tsoro magani da insulin, sai ta dawo gida hankalinta ya kwanta maganin ya yi mata yawa. Ba wai ina ɗora wa likitanta laifi bane, abun da ya gani da shi ya yi aiki, ke ce za ki kai masa abun da ba zai iya gani daga can ba.

Maganar na'urar baba. Za ta yi aiki, amma da sharaɗi. Jinin mutum da na mage ba ɗaya bane wajen yanda suga ke rabuwa a ciki. A jikin mutum kusan kashi 58 cikin ɗari na sugan yana cikin ruwan jini ne, ragowar yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, a kare kuwa wajen kashi 87 yana cikin ruwan, a mage ya haura kashi 90. Ita na'urar mutane da lissafin jinin mutum aka saita ta, shi ya sa sau da yawa take nuna ƙasa da gaskiya in aka ɗiga mata jinin dabba, kuma tazarar ta fi faɗi in sugan ya yi sama sosai. Akwai wadda aka yi musamman don kare da mage, wadda aka fi sani ita ce AlphaTRAK, in kin samu ita ce ta fi. In ba ki samu ba ki yi da ta mutane, amma ki tsaya a kan guda ɗaya kar ki dinga canjawa, kuma ranar da za ki je asibiti ki tafi da ita, in sun ɗebi jini ki ɗiga ɗigo ɗaya a taki a kwatanta da sakamakon lab, daga nan ke da likita kun san nawa take ragewa. Sannan shawara ta, ki bar wa baba tasa ki nemi wata daban, abun huda fata dai ba a haɗawa ko kaɗan, kuma na'urar tana ajiye lambobi a ciki, kar wata rana likitansa ya buɗe ya ga 420 ya ɗauka na tsoho ne hankalin kowa ya tashi.

Ki kuma duba da wane ma'auni take magana. Wasu mg/dL suke nunawa, wasu mmol/L, tsakaninsu 18 ne, wato in kin raba 180 da 18 kin samu 10. Duk lambobin da zan faɗa nan na mg/dL ne. Lafiyayyar dabba tana zama tsakanin 80 da 120 ko kusa da haka.

Yanzu jinin. A mage kunne ne ya fi sauƙi. Ki ɗaga kunnen ki haska tocilan ta bayansa, za ki ga wata siririyar jijiya ta bi gefen kunnen kamar zare, to tsakanin jijiyar nan da bakin kunnen ake hudawa. Sirrin duka yana wajen ɗumama kunnen, wallahi mafi yawan masu cewa "likita na huda jini bai fito ba" sanyin kunne ne kawai. Ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki sa a leda don kar kunnen ya jiƙe, ki ɗora kamar minti ɗaya, ko ki yi ta murza kunnen da yatsu har ki ji ya yi ɗumi. Ki shafa basilin ɗan kaɗan sosai a wurin don jinin ya dunƙule ya zama ɗigo maimakon ya bi gashi ya watse. Ki riga ki zura tsinken gwajin cikin na'ura, ki naɗe auduga ki tokare bayan kunnen da ita (in ba haka ba yatsanki za ki huda, ya faru da ni ba sau ɗaya ba), ki huda da sauri, ki ɗan matso daga gindin kunnen, ɗigon ya fito ki kai bakin tsinken ya tsotsa da kansa. Bayan nan ki danne wurin da audugar kamar daƙiƙa 20 don kar ya yi tabo. Kar ki goge da sifirit kafin hudawa, yana sa jinin ya baje kuma yana da zafi. In kunne ya ƙi akwai dagi, ɗan tudun naman nan da ke sama kaɗan a bayan ƙafar gaba wanda ba ya taɓa ƙasa. Masu kare su kuma suna da ƙarin wurare, cikin leɓen sama da kantar gwiwar hannu, kuma abun mamaki karnuka da yawa ko motsi ba sa yi in an huda leɓen.

Kwana biyu ko uku na farko za ki sha wahala, za ki ɓata tsinke, ita ma za ta gudu ƙarƙashin gado. Kar ki bi ta da kokawa, in kika danne ta da ƙarfi kin dawo da matsalar asibiti cikin gidanki kenan. Ki huda sau biyu in bai yi ba ki ƙyale ta sai an jima. Ki zaɓi wuri ɗaya da za ki dinga yi kullum, kuma duk sanda aka gama ki ba ta ɗan abun da take so wanda ba shi da sitaci, ko an samu jini ko ba a samu ba. Kunnen da kansa yana sabawa, bayan sati ɗaya ko biyu za ki ga jinin ya fi saurin fitowa.

To ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don nan ne mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Lamba ɗaya ba ta isa a canja allura ba. Mutum zai samu na'ura, ya gwada da safe ya ga 380, hankalinsa ya tashi ya ƙara yunit da kansa, gobe ya ga 150 ya rage, jibi ya ƙara, dabbar ta zama kamar lilo. Lambar safe kafin allura ita ce lokacin da maganin jiya ya ƙare, dole ta yi sama. Abun da ke gaya mana ko allura ta yi daidai shine inda sugan ya fi sauka a tsakiyar yini, mu kira shi ƙasan kwari, kuma ba a ganinsa sai an bi yinin gaba ɗaya. Yanda ake yi shine ki zaɓi ranar da kina gida, ki gwada kafin abincin safe da allura, ki ba ta abinci ki yi allura kamar kullum ba tare da canja komai ba, sai ki dinga gwadawa duk bayan awa 2 har lokacin allurar dare, awa 12 kenan. In insulin ɗin da ake kira glargine take amfani da shi, wato Lantus, duk awa 3 ko 4 ma ya wadatar don shi aikinsa a shimfiɗe yake, ba ya faɗa da suga farat ɗaya. Ana yin wannan gwajin yinin ne kwana 7 zuwa 14 bayan an fara allura ko an canja yawanta, saboda jiki na buƙatar kwanaki kafin ya daidaita da sabon adadi, in kika yi washegari ba abun da za ki gane.

Abu uku muke nema a ciki: sugan ya sauka kuwa, ina ya tsaya, kuma awa nawa maganin ya riƙe. Ƙasan kwarin da muke so shine tsakanin 80 da 150, sannan mafi yawan yinin ya zauna ƙasa da 300 a mage, a kare ƙasa da 250. Dalilin waɗannan lambobin ƙoda ce. Ƙodar kare tana fara zubar da suga cikin fitsari in ya wuce wajen 180 zuwa 200, ta mage sai ya kai wajen 250 zuwa 290, kuma sugan in zai fita da ruwa yake fita, shine yawan fitsarin da yawan shan ruwan da kika fara gani tun farko. Ba muna neman mu mayar da ita 100 cif kamar lafiyayya bane, wanda ya nace sai ya ga 100 kullum shi ke kwana a asibiti da dabba a sume.

Bari in ba ki misali da irin abun da nake zargi a taki. A ce safe 410, bayan awa biyu 260, bayan huɗu 110, bayan shida 52, sai kuma da yamma ki ga 450. Wanda ya ga ta safe da ta yamma kaɗai zai rantse allurar ba ta aiki a ƙara. Alhali yawa ta yi, sugan ya faɗi har 52, jiki ya ji zai mutu ya saki sinadaran ceto, hanta ta juye abun da ta tara, ya yi tsalle sama ya zauna can, wani lokaci har ya kwana ya yini bai sauko ba. Ana kiran wannan da sunan Somogyi, wani masanin sinadarai ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka. Likitoci na gardama kan ko yana yawan faruwa kamar yanda aka ɗauka a da, ni dai abun da zan ce shine duk dabbar da ake ta ƙara wa allura lamba na ƙara hawa, sai na ga tsakiyar yininta kafin in yarda a ƙara ko rabin yunit.

Kuma ko gwajin yinin ma ba wahayi bane. A 2003 wasu likitocin dabbobi biyu a Ostareliya, Fleeman da Rand, sun yi wa karnuka masu ciwon suga wannan gwajin kwana biyu a jere, allura ɗaya abinci ɗaya, sakamakon ya fito da bambanci mai yawa har shawarar da za a yanke a kan allurar takan sha bamban daga rana zuwa rana. Shi ya sa nake cewa ki dinga kallon magen kanta fiye da allon na'ura. Ta rage shan ruwa? Yashin da take fitsari a ciki ya daina jiƙewa sharkaf? Nauyinta ya tsaya ko yana dawowa? Tana gyara gashinta tana hawa inda ta saba hawa? In duk waɗannan sun yi kyau kuma ba ta faɗuwa ƙasa, to ko kin ga 280 jefi-jefi ba abun tashin hankali bane. Ki samu littafi ki dinga rubuta lokaci, lamba, yunit nawa, me ta ci kuma ta cinye ko ta rage, ruwan da kika zuba da wanda ya saura, da nauyinta sau ɗaya a sati. A asibiti kuma akwai gwajin furuktosamin da ke nuna matsakaicin sugan sati biyu zuwa uku da suka wuce, shi tsoron rana ɗaya ba ya taɓa shi, ki tambaya a yi mata.

In kin sake ganin tangaɗi, ko rawar jiki, ko ta zauna tana kallon bango kamar ba ta san inda take ba, ko wata irin yunwa ta farat ɗaya, ki gwada nan take. Ƙasa da 70 a kula, ƙasa da 60 gaggawa ce ko da kuwa tana tsaye garau. In tana iya ci ki ba ta abincinta. In ba ta iya ci, ko ta fara jijjiga, ki lakato zuma ko ruwan gulukos mai kauri ki goga mata a dasashi, kar ki ɗura mata ruwa a baki tana sume zai wuce huhu, ki kula da yatsunki, sannan ki kama hanyar asibiti ko ta farfaɗo, domin zumar minti kaɗan take riƙewa shi kuwa insulin ɗin yana nan cikin jiki yana aiki na awanni. Haka in ta ƙi cin abinci ko tana amai kar ki yi cikakkiyar allura, ki gwada ki kira likita. Tun yanzu ma ki sa ya rubuta miki lambar da in kin gan ta kafin allura za ki dakata.

Wani abu da zan so ki duba yau ɗin nan, sirinjinki. Insulin na dabbobi irin Caninsulin da ProZinc yunit 40 ne a kowane mililita, na mutane irin Lantus yunit 100 ne, kowanne da sirinjinsa, an rubuta U-40 ko U-100 a jiki. In aka ja insulin mai 100 da sirinjin 40 an ba dabba ninki biyu da rabi na abun da aka yi niyya, in aka yi akasin haka kuma an ba ta ƙasa da rabi. Na sha ganin sirinji ya ƙare mutum ya sayo wani bai duba ba, a zo ana ta neman dalili a jikin dabba alhali dalilin yana cikin leda. Kwalbar insulin ɗin ta zauna a firij, kar ta daskare, kar ta sha rana, su ma tsinkayen gwaji ki rufe robarsu da kyau ki duba ranar lalacewarsu, danshi da zafi na sa su yi ƙarya. Rashin jini ma na sa na'ura ta nuna sama da gaskiya.

Akwai kuma dalili mai daɗi da zai iya jawo faɗuwar nan. Ciwon sugan mage ya fi kama da nau'i na biyu na mutane, ƙiba da rashin motsi ke kawo shi, kuma in aka kama shi da wuri aka sa ta kan abinci mai ƙarancin sitaci da insulin mai kyau, fankiriyas ɗinta, wato gaɓar da ke yin insulin a jiki, kan farfaɗo ta koma yin nata, har wasu a daina musu allura kwata-kwata, kuma an fi ganin haka a watannin farko, daidai inda kike yanzu. Magen da ta fara warkewa ana ci gaba da zuba mata yunit 4 kin san abun da zai biyo baya, kuma ba mai gane ta fara warkewa sai mai gwadawa a gida. Masu kare kam kar su sa rai da wannan, nasu kusan kullum allura ce har ƙarshen rayuwa, mafi yawansu kuma yanar ido na kama su ko an yi ƙoƙari, sannan karya mace in ba a cire mata mahaifa da ƙwai ba duk bayan ta yi zafin neman namiji sai lissafin allurar ya rikice.

In hudawar ta gagare ki gaba ɗaya akwai FreeStyle Libre, ɗan faifan nan da mutane ke mannawa a dantse. Ana aske gashi a gefen ƙirji ko wuya a manna wa mage ko kare, ki dinga karantawa da waya, an yi shi ya kai kwana 14 amma a jikin dabba sau da yawa yana ɓallewa kafin nan. Yana nuna dare ma da ba mai tashi ya gwada. Sai dai ruwan ƙarƙashin fata yake aunawa ba jini ba, yana ɗan makara a bayan jini da mintuna, kuma in ya nuna ƙasa sosai ki tabbatar da ɗigon kunne. Matsalarsa ɗaya da na lura, masu shi sai su koma duba waya sau hamsin a yini su hana kansu barci.

Gwajin fitsari shi ba ya nuna faɗuwar suga, don haka ba a ƙara allura da shi, amma ki ajiye tsinken fitsari da ke gwada kiton, wani sinadari mai haɗari da ke taruwa in jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse. In sugan ya zauna sama da 300 kwana biyu ko uku, ko ta daina ci, tana amai, ta yi laushi, ki gwada, in kiton ya fito wannan ba na jira bane, asibiti kai tsaye. Masu magen da aka ɗora kan sabbin magungunan baki irin Bexacat ko Senvelgo su ma su sani, a kansu kiton na iya hawa alhali suga na nuna daidai, kuma ba a ba magen da ta riga ta hau insulin irin taki.

In an yi gwajin yinin an ga da gaske sugan ba ya sauka ko kaɗan duk da yunit 4, to sai a koma neman abun da ke tare maganin, ciwon haƙori, ciwon mafitsara, kumburin fankiriyas, maganin sitiroyid da aka ba ta ko aka shafa mata, ko wani ƙari a ƙwaƙwalwa da ke sa sinadarin girma ya yi yawa wanda ake samu a wasu maguna. Amma da tangaɗin da kika gani ban zaci can za mu je ba. Ki kira likitan yanzu, ki gwada ta kafin allurar daren nan ko da na'urar baba ce da sabuwar allurar huda, in kin yi gwajin yinin ki turo min lambobin tare da sunan insulin ɗin da abun da aka rubuta a jikin sirinjin mu duba tare.